Ruwan Da Ke Biyo Iskar Gas: Ina Ake Kai Shi, Kuma Me Ya Haɗa Shi Da Rijiyar Mutumin Kaduna?

Idan gas ya fara gudana a bututun da aka shimfiɗo daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna zuwa Kano, shin za a riƙa ɗura ruwan guba a ƙarƙashin ƙasarmu har ya tsiyayo cikin rijiyoyi da burtsatse? Tambayar da kawuna ya tare ni da ita ke nan wata Juma'a a Rigachikun, ko takalmi ban gama cirewa ba. Wani ne ya turo masa saƙon murya ta WhatsApp, irin wanda ake buɗewa da doguwar sallama a rufe da "a tura wa 'yan uwa". Mai maganar ya ce haka kamfanonin gas suke yi a Amurka, har ƙasa ta riƙa girgiza, kuma mu ma ga shi an kawo mana har ƙofar gida.

"Kai da ka yi boko," in ji Kawu, "gaya mini gaskiya. In sayar da gonar nan tun tana da daraja, ko in bar ta?"

Da a ce mai saƙon ƙarya tsagwaronta ya yi, da an huta. Matsalar ita ce akwai gaskiya a bakinsa. Ana ɗura irin wannan ruwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma ƙasa ta girgiza saboda haka a wasu wurare. Sai dai ya cakuɗa abubuwa uku da ba uwarsu ɗaya ba: rijiyar da ake haƙo gas, bututun da ke ɗauko shi, da ramin da ake mayar da ruwan. Abin da ya fi dacewa ya hana mutumin Kaduna barci kuwa, ko kusa da shi bai je ba.

Wane ruwa ne wannan?

Da yawanmu muna zaton gas da man fetur a cikin wani ƙaton kogo suke kwance, sai a huda a zuƙo. Ba haka abin yake ba. Suna maƙale ne a cikin ƙananan ƙofofin dutsen yashi ko dutsen farar ƙasa, kamar yadda ruwa ke zama a cikin soso. Kuma kafin su iso wurin, akwai mai gida: ruwa, galibi ragowar tsohon teku da laka ta binne tun miliyoyin shekaru. Da yake gas ya fi kowa rashin nauyi sai ya haye sama, mai ya zauna a tsakiya, ruwa ya kwanta a ƙasa, kamar dai yadda man gyaɗa ke tasowa a kan miya. Ranar da aka huda dutsen, ba gas kaɗai ke fitowa ba, ruwan ma sai ya biyo shi. Ma'aikatan mai suna da sunansa da Turanci, ni dai a nan zan kira shi ruwan rakiya.

Sabuwar rijiya ba ta cika kawo shi da yawa ba. Tana tsufa yana ƙaruwa, gas yana ja da baya, har a kai ranar da kuɗin kawar da ruwan zai fi kuɗin gas ɗin, sai a rufe ta. A rijiyoyin mai, ƙiyasin da aka saba ambata shi ne ganga uku ta ruwa ga kowace ganga ɗaya ta ɗanyen mai a faɗin duniya. Rijiyar gas zalla ba ta kai haka, amma ɗan ruwan da take kawowa yakan fi ƙarfin sinadarai masu tashi a iska irin su benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Ganga ɗaya lita 159 ce, wato jarka shida da ɗoriya irin ta 'yan garuwa. Amurka ita kaɗai tana fitar da fiye da ganga biliyan 20 a shekara.

Babban abin da ke cikinsa gishiri ne. Duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan zartsi ya san yadda yake kama harshe. To ruwan teku yana da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, na wasu filayen gas kuwa yakan haura giram 200, wani lokaci ya doshi 300. Akwai filayen da nasu bai ma kai na teku ba, don kowane dutse da irin nasa. Ban da gishiri akwai ɓurɓushin mai, da ƙarafa irin su bariyom, da sinadaran da kamfani da kansa yake zubawa don hana tsatsa da daskarewa a bututu. A wasu wuraren kuma akwai radiyom, mai fitar da tururin nukiliya, wanda ruwan ya narkar daga jikin dutse tsawon zaman da suka yi tare.

A makarantar allo an koya mana cewa ana gane ruwa ya ɓaci idan launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa ya canja. Wannan ma'auni ne na tsarki, kuma ya wadatar a babinsa. A babin sha kuwa bai isa ba. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada benzin ya wuce maikurogiram 10 a lita (maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram), adadin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Radiyom kuma ba shi da wari sam. Ruwa zai iya zama garai-garai a kwano yana ɗauke da su duka biyu.

Me ya sa ake binne shi?

Domin sauran hanyoyin an gwada su, an ga abin da suka haifar. A farkon zamanin haƙar mai, a ƙasa kawai ake sakinsa. A yammacin jihar Teksas ta Amurka akwai wani fili da ake kira tabon Texon, inda aka riƙa kwarara ruwan gishiri tun shekarun 1920, kuma har yau yawancinsa ƙeƙasasshe ne. Mai lambu a bakin Kogin Kaduna ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani, ya san abin da kanwa ke yi wa ƙasa idan ta yi yawa. Sai aka koma haƙa kududdufi a tara ruwan rana ta shanye. Rana takan shanye rabi, ƙasa ta shanye rabi, damina kuma ta zo ta tumbatsar da sauran.

Tacewa tana yiwuwa, amma raba gishiri da ruwa aiki ne mai cin wuta da kuɗi, kuma bayan an gama sai a tashi da tulin gishiri mai datti da shi ma sai an nema masa makwanci. Inda gishirin bai yi yawa ba akan ci nasara. A filin mai na Nimr da ke Oman, an shuka ƙatuwar fadama ta ciyawa mai kama da kara a tsakiyar hamada, ana bi da ruwan ta cikinta tana tsotse man, fiye da lita miliyan 100 a kullum. Wannan sai mai fili da rana da haƙuri.

Don haka tun shekarun 1930 aka fara mayar da ruwan inda ya fito, ko wani dutse mai zurfi makamancinsa. Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗurawa cikin dutsen da ake haƙar man don ya tunkuɗo ragowar, wannan ya zama an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Akwai kuma wanda ake ɗurawa don a rabu da shi kawai. Rijiyar gas ba ta son a mayar mata da ruwa, yana toshe wa gas ɗin hanya, shi ya sa a harkar gas iri na biyun ya fi yawa. Shi ne kuma ake rigima a kansa.

Yadda ake gina rijiyar ɗura

Na taɓa tsayawa a kan masu haƙar burtsatse a Rigasa tun hantsi har la'asar. Da farko injin yana fitar da jar ƙasa da marmara, sai ruɓaɓɓen dutse mai laushi, can sai ƙarar ta canja, farin gari ya fara tashi kamar ana niƙa. Ogan nasu ya duba ni ya ce, "Malam, mun taɓa fa. Daga nan sai dai mu yi addu'ar samun tsaga." A mita 60 da 'yan kai suka tsaya, suka zura kesin na roba, suka sa sumo. Yawancin burtsatsen garin nan a wannan zurfi suke, tsakanin mita 30 zuwa 100.

Rijiyar ɗura kuwa takan nitsa kilomita ɗaya zuwa uku. Mai kilomita biyu, da za a zura mata guga, sai an nemi igiya mai gaba dubu ɗaya da ɗari ɗaya. Amma zurfi kaɗai ba ya tsare komai. Abu uku ake nema a ƙasan. Na farko dutse mai ƙofofi da zai karɓi ruwan, wanda ruwan cikinsa dama zartsi ne da ba ya shayuwa. Na biyu murfi a samansa, wato kauri mai yawa na dutsen yumɓu ko makamancinsa da ruwa ba ya ratsawa. Na uku a tabbatar babu tsaga ko tsohuwar rijiya da ta huda murfin.

Ita kanta rijiyar bututu ne cikin bututu. Ana fara zura babban bututun ƙarfe har ya wuce duk inda ruwan sha yake, a ɗura siminti ta bayansa tun daga ƙasa har sama. Sai a zura na biyu har ƙarshen rami, shi ma a ɗaure shi da siminti. A cikin na biyun ake sa siririn bututun da ruwan zai bi, a toshe gindinsa da wani matoshi. Tsakanin siririn da na biyu akwai fili da ake cika da ruwa mai tsabta, a sa masa agogon awon matsi a sama. Idan siririn ya hudu, allurar agogon za ta motsa, mai gadi ya gani, a kashe famfo. Dabarar ke nan gaba ɗayanta, kuma dabara ce mai kyau.

A Amurka dokar kare ruwan sha ta 1974 ce ta haifar da tsarin lasisin waɗannan rijiyoyi. Suna da kimanin 180,000 masu alaƙa da mai da gas, kashi ɗaya cikin biyar na zubarwa ne zalla. Duk ruwan ƙasa da gishirinsa bai kai giram 10 a lita ba, doka ta ɗauke shi a matsayin wanda wata rana za a iya sha, tana kuma ba shi kariya. Ana gwada lafiyar rijiya aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, ana kuma bincika tsofaffin ramuka da ke kewaye da ita.

Sai dai mu lura da abin da dabarar ta jingina a kai: siminti mai kyau, ƙarfen da bai ci tsatsa ba, da mutumin da ke duba agogo ya faɗi gaskiyar abin da ya gani. Ruwan gishiri maƙiyin ƙarfe ne, kuma siminti, kowa ya san yadda ake yi da shi a ƙasar nan idan ɗan kwangila ya ga ba mai kallonsa. Na gini idan an ha'ince shi bango zai tsage a gani. Wanda ke mita ɗari biyar a ƙasa, sai dai rijiyar maƙwabci ta ba da labari bayan shekaru. Ko a Teksas, a 'yan shekarun nan an ga tsofaffin rijiyoyin da aka rufe tun tuni suna tsartuwa da ruwan gishiri, saboda matsin da aka tara a ƙasa ya samu kafa ta cikinsu.

Batun girgizar ƙasa

Nan ne mai saƙon muryar ya fi gaskiya. Kafin 2009, jihar Oklahoma ta Amurka takan ga girgizar ƙasa mai maki uku ko sama da haka a ma'aunin ƙarfin girgiza sau ɗaya ko biyu a shekara. A 2015 an ƙirga kimanin 900. A Nuwambar 2011 an yi mai maki 5.7 kusa da garin Prague na jihar, ta rusa gidaje. Ranar 3 ga Satumbar 2016 aka yi mai maki 5.8 a Pawnee, mafi girma a tarihin jihar. A Ohayo, garin Youngstown ya girgiza da maki 4.0 ranar 31 ga Disambar 2011, kusa da wata rijiya da ke karɓar ruwan filayen gas, wadda aka dakatar da ɗuri a cikinta kwana ɗaya kafin haka. Abin ma ba sabo ba ne. Tun 1962 sojojin Amurka suka fara ɗura ruwan dattin wata masana'antar makamai a rami mai zurfin sama da kilomita uku da rabi kusa da Denba, garin ya shiga rawa, aka dakatar a 1966, amma mafi ƙarfin girgizar sai a 1967 ta zo, bayan an kashe famfo.

Yadda abin ke faruwa shi ne, a can ƙasa akwai tsofaffin tsagogi inda ɓangarori biyu na dutse suka dafe juna, kowanne yana son zamewa, nauyin da ke kansu ya hana. Kamar tirela ce mai lodi a kan gangara, birki ya riƙe ta. Ruwan da aka ɗura ba ya tura tirelar, birkin yake sassautawa. Matsinsa yana shiga tsagar ya ɗan rage dafewar, sai dutse ya zame. A Oklahoma an riƙa ɗura ruwa mai ɗimbin yawa a wani shimfiɗin dutse da ake kira Arbuckle, wanda ke kwance kai tsaye a kan tsohon dutsen tushe mai tsagogi. Da hukuma ta tilasta rage yawan ɗurin da kusan kashi 40 cikin ɗari a 2016, ta kuma sa aka toshe gindin rijiyoyin da suka yi zurfi da yawa, girgizar ta yi ta raguwa shekara bayan shekara.

Cikin dubban rijiyoyin ɗura, kaɗan ne aka danganta da girgizar da mutum zai ji. Masu kare harkar suna yawan faɗin haka, kuma gaskiyarsu ne. Masu suka kuma suna cewa ba wanda ya san tsagogin Oklahoma suna nan sai da suka motsa, kuma su ma gaskiyarsu ne.

A Satumbar 2016 ɗin nan da Pawnee ta girgiza, mutanen Kwoi a Ƙaramar Hukumar Jaba sun kwana a waje saboda motsin ƙasa, gine-gine suka tsattsage. Babu rijiyar gas a Kwoi, babu ta ɗura. A 2018 aka sake jin irinsa a Mpape ta Abuja. Darasin da ke ciki shi ne dutsenmu ma yana da tsagoginsa, tsohuwar maganar nan cewa Najeriya ba ta girgiza a daina ta.

Kaduna a kan fa take zaune

Yanzu mu dawo gonar Kawu. Farin garin nan da injin burtsatse ya fitar a Rigasa, shi ne amsar rabin tambayarsa. Kusan duk jihar Kaduna a kan tsohon dutsen tushe take, irin wanda ya leƙo sama a Kufena da Kajuru da Kagoro. Dutsen da a Oklahoma sai an nitsa kilomitoci kafin a taɓa shi, mu a nan muna shanya hatsi a kansa. Ba shi da ƙofofin da za su riƙe gas, ba shi da waɗanda za su karɓi ruwa. Injiniyan da ya san aikinsa ba zai kashe kuɗi ya haƙa rijiyar ɗura a Igabi ko Chikun ba, don babu inda ruwan zai shiga.

Sauran rabin amsar tana cikin bututun. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wato AKK, wanda aka ƙaddamar da aikinsa ranar 30 ga Yunin 2020, a Ajaokuta da kuma nan Rigachikun, tsawonsa kilomita 614 ne, faɗinsa inci 40. Hanya ce kawai. Gas ɗin da zai bi ta cikinsa daga kudu zai taso, kuma tun a can ake raba shi da ruwa a busar da shi, domin gas mai laima yana cin bututu ya kuma toshe shi. Ruwan rakiyarsa a Neja Delta zai tsaya, kamar yadda mai sayen gari a Kasuwar Barci ba ya tafiya gida da dusar.

Akwai dai ruwa iri biyu da bututu kan fitar, kuma ya kamata a san da su. Kafin a saki gas, ana cika bututun da ruwa a matsa shi don a ga ko yana yoyo. Bututu mai wannan faɗi yana cin kusan lita dubu 800 a kowace kilomita, wajen tanka 24 ke nan, kuma akan sa wa ruwan maganin tsatsa. Gaɓa-gaɓa ake yi, sau ɗaya, amma dole a zubar da shi a wani wuri. Bayan haka, lokaci-lokaci ana tura wata na'ura ta share cikin bututun, ta fito da baƙar laka da ɗan ruwa mai mai. Ba su kai ruwan rakiya yawa ba ko kusa, sai dai su a ƙasarmu za su sauka.

Inda maganar ta zama tamu

Arewa ba duka a kan dutsen tushe take ba. Akwai kwarin Sakkwato, kwarin Chadi, kwarin Bida, da kwarin Binuwai da reshensa na Gongola, duk shimfiɗun yashi da yumɓu ne masu kauri. A 2019 NNPC ta sanar da samun mai da gas a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, aka yi bikin ƙaddamarwa ranar 22 ga Nuwambar 2022, ana maganar ganga sama da biliyan ɗaya da gas ƙafa biliyan 500. A 2023 aka fara haƙa a Obi ta jihar Nasarawa, aka kuma koma Borno. Dokar man fetur ta 2021 ta ware kaso na musamman don irin wannan nema. Duk ranar da ɗaya daga cikin filayen nan ya fara aiki gadan-gadan, ruwan rakiya zai fito, kuma babu teku a kusa.

Ƙa'idojin muhalli na harkar mai, waɗanda tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai, DPR, ta fitar a 1991 aka sabunta a 2002 da 2018, sun hana zubar da wannan ruwa a koguna da fadamu na cikin ƙasa. Yanzu hukumar da ta gaje ta, NUPRC, ce ke kula da rijiyoyi. Ma'ana, a Kolmani da ire-irenta, ɗurawa a ƙasa ita ce hanyar da doka da lissafi za su tura kamfani.

Ni a ganina, idan aka ba ni zaɓi tsakanin rijiyar ɗura da aka gina bisa ƙa'ida da kududdufi a bayan gari, ba sai na yi shawara da kowa ba, rijiyar zan ɗauka. Amma ƙasar can tana da nata sharuɗɗa. Dutsen yashin Bima, wanda shi ne mafi zurfi a kwarin Gongola, a kan dutsen tushe yake kwance kai tsaye, irin zaman da ya jawo wa Oklahoma matsala. A Borno kuwa ruwan sha ba a sama kaɗai yake ba, hawa uku ne, na ƙasan yana wuce mita 500, kuma shi ake zuƙowa a Maiduguri. Bututun kariya da zai wadatar a wani wuri, a can ya yi gajere. Maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari ma a Ƙaramar Hukumar Alkaleri take, inda ake wannan haƙa.

Me ya shafi Bakaduna? Masarar da tumatirin da shanun da ke shigowa kasuwanninmu ba su san iyakar jiha ba. Sannan akwai tanka.

Tankar dare

Jihar Fensilbeniya ta Amurka tana da gas mai yawa amma ba ta da dutsen da ya dace da ɗuri sosai, don haka shekara da shekaru ana lodin ruwanta a tankoki zuwa Ohayo. Kowane sawu kuɗi ne. A farkon 2013 aka kama wani mai kamfani a Youngstown yana sa yaransa su juye ruwan a magudanar ruwan sama da daddare, ya gangara kogi. An ɗaure shi. Wannan a ƙasar da ake lissafin kowace tanka ke nan. Rijiyar da ke karɓar ganga 10,000 a rana tana buƙatar kusan tanka 48 irin mai lita 33,000, kullum. Direban da aka biya kuɗin tafiyar kilomita ɗari biyu, ya ga rafi a kilomita ashirin, dare ya yi, ba kowa, wa zai sani?

Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A 1988 an sauke dubban gangunan guba daga Italiya a Koko ta jihar Delta ta yanzu, a filin wani bawan Allah da ake biya kuɗin haya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu benzin a rijiyoyin sha na Nisisioken Ogale ninki 900 na abin da aka yarda da shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taso daga zurfin kilomita biyu, daga sama suka sauka.

Kuma a nan dutsen da ya kare mu daga rijiyar ɗura shi ne ya bar mu a fili. Duk ruwan da Kaduna ke sha daga ƙasa yana cikin ɗan siririn ruɓaɓɓen dutsen nan na sama da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Ba mu da murfin yumɓu mai kauri, ba mu da hawa na biyu da za a koma idan na farko ya lalace. Abin da aka zubar a ƙasa, damina ɗaya ko biyu ta ishe shi ya kai ga ruwa.

A gidan da na tashi a Tudun Wada akwai rijiya a tsakar gida da unguwa guda ke ɗiba. Wata shekara aka wayi gari shayi yana warin kananzir. Aka zargi bokiti, aka canja. Aka zargi yara, aka yi musu faɗa. Sai wata safiya innarmu ta jawo guga ta tsaya tana kallonsa a rana, ga wani maiƙo mai launin bakan gizo yana yawo a kai. Tankin ƙasa na wani gidan mai da ke bayan layinmu ne ya hudu, ba wanda ya san tun yaushe. Aka yashe rijiyar sau biyu, warin bai tafi ba. Da aka je wa mai gidan man da magana, tambaya ɗaya ya yi: ina shaidar cewa da can ruwan ba haka yake ba? Babu. Aka rufe rijiyar da faifan siminti, muka koma sayen ruwan kura.

Tun daga lokacin nake kallon sokawe da salga da ake haƙawa taku goma daga burtsatse, da baƙin man da ake tuttulawa a ƙasa a garejin makanikai, da ruwan rini mai launi-launi da ya riƙa bin kwatocin Kakuri da Makera zamanin da masaƙu ke aiki, a matsayin namu ɗurin ƙarƙashin ƙasa, wanda ba siminti, ba agogo, ba lasisi.

Abin da ake tambaya tun kafin a kafa injin

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta a rubuta rahoto kafin babban aiki irin wannan, a kuma baje shi kwana 21 na aiki don jama'a su duba su yi ƙorafi. Akan ajiye shi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli, ƙaton kundi da Turancin injiniyoyi, ya gama kwanakinsa ba wanda ya buɗa. Ƙungiyar matasan gari da ta samu mutum ɗaya mai ilimin ƙasa ya zauna da kundin nan yini biyu, ta fi wadda ta tare hanya bayan ruwa ya ɓaci.

Tambayoyin ba su da yawa. Ganga nawa na ruwa ake sa ran fitarwa a rana, kuma ina za a kai shi? Idan ɗurawa za a yi, a wane dutse, zurfin nawa, mene ne tsakaninsa da dutsen tushe, kuma bututun kariya ya wuce ruwan sha mafi zurfi na yankin? Wa ke karanta agogon matsi ban da ma'aikacin kamfani? Idan da tanka za a kwashe, wa ke riƙe da takardar da ke nuna abin da aka loda shi ne abin da aka sauke? Ga garuruwan da bututu ya ratsa kuwa, tambaya ɗaya ce: ruwan gwaji da lakar shara, a wane rafi ko rami za su ƙare?

Sai abin da ya fi duka sauƙi, wanda rashinsa ya kayar da mu a Tudun Wada: a auna ruwan gari tun yana lafiya, a rubuta kwanan wata, a adana takardar a wurin mai unguwa da limami. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa tana nan a Mando, jami'o'inmu ma suna da ɗakunan gwaji. A nemi awon gishiri da na ɓurɓushin mai, ba na ƙwayoyin cuta kaɗai ba.

Duk wannan na zayyana wa Kawu, a taƙaice, muna zaune a kan tabarma. Ya yi shiru yana jan carbi, can ya ce, "To gonar dai ba za a sayar ba ke nan." Na ce ba don wannan dalili ba dai, Allah ya ja kwana. Sai ya ƙwala wa ƙaramin ɗansa kira, ya ce ya wanke gorar ruwa biyu ya ciko su, ɗaya daga rijiyar gida, ɗaya daga ta gona. Na ce masa masu gwajin sun fi son a karɓo kwalbarsu, kuma a kai ruwan a ranar da aka ɗebo shi. Ya ce to Litinin in biyo ta Mando in taho da kwalaben, kuɗin mota yana wuyansa.